Waiwaye: Yadda jikoki ke bin sawun mayaƙan saman da Jamus ta tsare

Yawancin mayaƙan saman da suka dawo daga sansanonin Jamus a 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ba su cika buɗe baki kan abin da suka gani ba. Sai bayan rasuwarsu ake buɗe akwati, a tarar da ɗan ƙarfen wuya mai lamba, ko katin wasiƙa da mai tacewa ya shafe wasu layuka da baƙar tawada. Daga nan jikoki ke shiga cigiya. Kuma mayaƙan ba kaɗan ba ne: cikin kimanin mutum 125,000 da suka tashi a jiragen jefa bama-bamai na rundunar saman Birtaniya, 55,573 sun mutu, 9,838 suka zama fursunonin yaƙi. Har ɗan Afirka ta Yamma akwai, Johnny Smythe na Saliyo, wanda aka harbo jirginsu a Nuwamban 1943, ya ƙarasa yaƙin a sansanin fursunoni na Stalag Luft I da ke Barth.

Abin da ya sa ake iya gano su a yau shi ne Yarjejeniyar Janiba ta 1929, wadda ta wajabta a sanar da sunan duk wanda aka kama. Wanda ya diro da laima, akasari sai an kai shi Dulag Luft a Oberursel, kusa da Frankfurt, a sa shi ɗaki shi kaɗai, a yi masa tambayoyi. A nan ne sukan miƙa masa fom na bogi da sunan Red Cross, mai neman sunan sansaninsa da na abokan tafiyarsa. Daga baya a buɗe masa kati mai hoto da zanen yatsa da lambar fursuna, a tura shi sansani.

Takardun nan sun daɗe a kulle. Katunan da Jamusawa suka rubuta, kusan 190,000, sai a 2014 suka isa Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew a Landan, inda aka ba su lambar WO 416. Katin wanda bai cika shekara 100 da haihuwa ba yana nan a rufe, sai an kawo shaidar mutuwarsa.

Mai nema ya fara da lambar soja, domin suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Da ita a nemi fayil ɗin aikinsa, wanda zai nuna sikwadiron ɗinsa, wato rukunin jiragen da yake ciki. Sai kundin ayyukan rukunin, mai lamba AIR 27 a ma'ajiyar Kew, inda fom na 541 ke jera kowace fita: lambar jirgi, sunayen waɗanda ke ciki, lokacin tashi, da ɗan gajeren bayani cewa bai dawo ba. Jirgin Lancaster mutum bakwai yake ɗauka, don haka a rubuta sunayen sauran shidan. Sau da yawa abin da kakanka bai faɗa ba, abokinsa ya faɗa a tasa takardar. Bayan nan sai WO 344, tambayoyin da fursunoni suka amsa da hannunsu bayan an 'yanto su. A ganinmu ita ce mafi daraja, don tana jera sansanoni da kwanan wata, da rauni ko ciwon da mutum ya yi. Sai dai ba kowa ya cike ta ba, rashinta kuma ba ya nufin ba a tsare shi ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rikita lambar fursuna da lambar soja, da kuma sunan da akawun Bajamushe ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Muƙami ma yana yaudara, domin ana iya ƙara wa sajan girma yana tsare. Jerin sunayen WO 392 kuwa yana nuna inda mutum yake ne kawai a lokacin da aka haɗa jerin. Daga ƙarshen Janairun 1945 aka kwashe fursunonin sansanin Stalag Luft III da ke Sagan da ƙafa cikin dusar ƙanƙara don guje wa sojojin Rasha, kuma a watannin nan rubutu ya yi ƙaranci ƙwarai. A kuma yi hattara da labarin gida cewa kaka yana cikin waɗanda suka tsere ta rami daga Stalag Luft III a daren 24 ga Maris 1944. Mutum 76 ne suka fita, aka sake kama 73, aka harbe 50, sunayensu duk sananne ne. Amma ɗaruruwa sun taya haƙa da zubar da yashi, wataƙila nan gaskiyar take.

Iyalan Amurkawa suna da tasu asarar: gobarar 12 ga Yulin 1973 a cibiyar ajiyar takardun soja da ke St. Louis ta cinye miliyoyin fayilolin soja, don haka sukan koma ga rahotannin jiragen da suka ɓata, waɗanda ake kira MACR. Ita kuwa Red Cross ta Janiba takan amsa buƙatu, amma ƙofar takan buɗe ne 'yan lokuta a shekara, da ƙayyadadden adadi da kan cika nan da nan. A tanadi cikakken suna, ranar haihuwa da lambar soja tun kafin ranar.