Kyautar Oscar ta Fitaccen Fim na Ƙasashen Waje

Wannan rukuni ne na kyautar Oscar da Kwalejin Fina-finai ta Amurka ta keɓe wa fina-finan da aka shirya a wajen Amurka. Daga 1947 zuwa 1955 kyautar girmamawa ce kawai, sai a finafinan 1956 ta zama gasa, inda darakta ɗan Italiya, Federico Fellini, ya fara lashe ta da La Strada. Fina-finansa huɗu ne suka ci ta. A 2019 aka sauya sunan rukunin, aka cire maganar "harshen waje", amma sharaɗin harshe yana nan daram.

Shekaru da yawa, a hukumance ƙasa ce ke cin kyautar. Darakta dai yana karɓa ne a madadinta, kuma tun 2014 ake rubuta sunansa a jikin kambun.

Kowace ƙasa fim ɗaya take miƙawa a shekara, ta hannun kwamitin da Kwalejin ta amince da shi. Dole fim ɗin ya wuce minti 40, an nuna shi a sinima kwana bakwai a jere, an sa masa fassarar Turanci a ƙasan allo, sannan fiye da rabin maganganun cikinsa ba da Turanci ba. Masu zaɓe su tace su fitar da 15, daga nan a rage zuwa biyar.

Sharaɗin harshen nan yakan kawo cikas ga ƙasashen da Turawan Ingila suka mallaka. A Nuwamban 2019 aka soke Lionheart na Genevieve Nnaji, fim na farko da Najeriya ta taɓa miƙawa, saboda yawanci da Turanci ne, harshen Ibo bai kai kwata na maganganun ba. A shekarar da ta biyo baya Kwalejin ta amince da Pidgin a matsayin harshen da ba Turanci ba. Najeriya ta miƙa The Milkmaid, mai Hausa da Fulatanci da Larabci, a 2020, sai Mai Martaba na Hausa a 2024. Dukkansu ba su kai matakin 15 ba.

Sau uku kyautar ta zo Afirka: Aljeriya da Z, Kodebuwa da Black and White in Color, Afirka ta Kudu da Tsotsi. Biyun farko daraktocinsu Turawa ne, Costa-Gavras da Jean-Jacques Annaud.

Samun kyautar Oscar ta fitaccen darakta da fim ɗin da ba na Turanci ba ya fi wuya. Alfonso Cuarón na Meziko ya fara yin haka da Roma a 2019, Bong Joon-ho na Koriya ta Kudu ya biyo baya a 2020 da Parasite, wanda ya haɗa har da kyautar fim mafi kyau.