Ƙibar yara da cutar ƙin cin abinci: abin da ya kamata iyaye su bambance

A wajen awo, idan uwa ta miƙo mana jariri mai kumatu da damatsa, kowa sai ya ce tubarkalla masha Allah. Mu ma'aikatan lafiya da muka saba ganin yaran tamowa, waɗanda awon dantsensu ke faɗawa kan ja, ƙasa da santimita 11.5, dole ƙiba ta zama alamar hutu a idonmu. Sai dai akwai yaron da zai kai shekara tara ko goma yana haki in ya ɗan yi gudu, yana minshari da dare, wuyansa ya yi baƙi uwa ta yi ta dirza da soso bai fita ba. Wannan baƙin ba dauɗa ba ce. Sau da yawa alama ce jiki ya fara gazawa wajen sarrafa sukari, kuma hanyar ciwon sukari da hawan jini ke nan tun yaro bai balaga ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai matsayin cuta. Ba sai an je Amurka ba. A buɗe jakar ɗan makaranta a Kano ko Kaduna, za a ga biskit, alawa da lemon kwalba. Kwalba ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi takwas zuwa tara. Da dare indomi, sannan waya a hannu har barci ya ɗauke shi. Langa da gaɗa da ƙwallon ƙofar gida sun ragu, alhali yaro yana buƙatar motsa jiki na awa ɗaya kowace rana.

Ƙiba dai ana ganinta. Mu auna nauyi da tsawo, mu duba shekaru, mu faɗa maki inda ɗanki yake. Wadda ta fi ɗaga mini hankali ita ce wadda sikeli ba ya nunawa da wuri, wato larurar cin abinci da tushenta yake cikin tunani. Hukumar ta ce a 2019 mutum miliyan 14 ke fama da ita a duniya, kusan miliyan 3 yara ne da matasa.

Kala-kala ce. Akwai wadda likitoci ke kira anoreksiya: yarinya ta tsani abinci saboda tsoron ƙiba, ta rame ƙasusuwa su fito, amma in ta duba madubi ƙatuwa take gani. Akwai bulimiya, inda za ta ci da yawa a ɓoye sannan ta shiga banɗaki ta zura yatsa ta amayar, ko ta sha maganin wankin ciki. Akwai mai ci ba tsayawa in ransa ya ɓaci, ya gama kunya ta rufe shi. Wannan yakan kasance mai ƙiba, shi ya sa ake masa kallon mai haɗama kawai. Maza ma suna kamuwa, ko da yake an fi gani ga 'yan mata.

Ga bambancin da nake so uwa ta riƙe. Mai tamowa abincin ne bai samu ba, ko wata cuta ta cinye shi. Ita kuwa mai ƙin cin abinci tukunya cike take, tsoro ne ya hana ta. Duka ko ɗura ba ya warkar da tsoro. Za ki ga kullum ta ce "na ci a makaranta", ko ta riƙa juya tuwo a kwano ba ta kai baki. Wata takan fake da azumin nafila kwana bayan kwana, ba sahur, buɗa baki ruwa kawai, iyaye suna murna da ibada. Ki lura in jiri na ɗibarta, tana jin sanyi alhali kowa na zufa, gashi na zuba, al'adarta ta ɗauke, ko haƙora sun fara lalacewa saboda yawan amai. Anoreksiya tana kisa, domin yunwa da amai suna rikita gishirin jini har zuciya ta tsaya.

Cututtukan biyu, ƙiba da ƙin cin abinci, suna haɗuwa a wuri ɗaya, kuma sau da yawa bakinmu ne mahaɗar. Na taɓa duba wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da aka kawo ta suma a aji. Tun tana firamare ake kiranta lukuta, a gida a ce "ke wa zai aure ki a haka?" Ta daina karin kumallo, ta koma shan shayin rage ƙiba da ta gani a TikTok. Da ta fara ramewa yabo ta samu, shi ya ƙara mata ƙaimi. Mahaifiyarta ta ce mini, "Wallahi malama, ni na ɗauka gyara take yi." Can gefe kuma ga siririyar da ake wa gori har ta sayi maganin sa ƙiba a kemis, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, ya kumbura mata fuska ya tayar da sukari da jini.

Don haka in ɗanku ya yi ƙiba, kada a ware masa kwano a hana shi abin da ƙannensa ke ci a gabansa. Gidan ne duka zai sauya. A mayar da lemon kwalba na ranar biki, ruwa ya zama abin sha, zoɓo da kunun aya a rage musu sukari. A ƙara wake, kwaɗon zogale, rama, ƙwai da kayan marmarin da ake yayi. A ci tare a kashe talabijin. Yaro mai tasowa sau da yawa ba sai ya rame ba, in nauyin ya tsaya tsawo zai tarar da shi.

In kuwa alamun ƙin abinci kuka gani, a je asibiti a makon nan, ko da jikinta bai nuna rama ba. Wadda ta suma ko ƙirjinta ke bugawa ba daidai ba, a kai ta a ranar. Za a duba jini da zuciya, sannan a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin 'yarki ta haukace. Kafin ku tafi, ki zaunar da ita ku biyu, ba gaban ƙanne ba, ki tambaye ta abin da ke damunta, kada ki fara da maganar abinci.