Shanyewar ɓarin jiki: garkuwar ƙwaƙwalwa ba ta jure jinkiri

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da ajiya. Idan gudan jini ya toshe wata jijiya a cikinta, abin da ya fi jawo shanyewar ɓarin jiki ke nan, wurin da jini ya yanke gaba ɗaya yakan mutu cikin 'yan mintuna. A kewayensa kuwa akwai yankin da jini ke ɗan tsattsafowa ta ƙananan jijiyoyi: ya daina aiki, amma da sauran ransa. Wannan yankin likitoci ke fafutukar cetowa.

Abin da ke ƙarasa shi ba yunwar iska kaɗai ba ce. Ƙwayoyin da suka galabaita sukan fitar da wani gurɓataccen nau'in oksijin mai cin kitsen da ya lulluɓe su, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ɓarnar ma takan ƙaru a daidai lokacin da jini ya dawo wurin da ya daɗe a toshe.

Allah ya hore wa jiki maganin wannan guba, wani sinadari da masana ke kira SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a Amurka a 1969. Shi ke juya gubar ta koma haidurojin feroksaid, irin ruwan nan mai kumfa na wankin ciwo, sannan wasu sinadarai biyu, katales da gulutatayon feroksides, su mayar da shi ruwa zalla. A gwajin ɓeraye, waɗanda aka ƙara wa SOD sun sami ƙarancin ɓarna bayan an toshe musu jijiya, waɗanda aka rage wa kuwa abin ya fi muni.

Sai dai garkuwar an yi ta ne don ɗan gubar yau da kullum. Toshewa ta daɗe, guba ta rinjaye ta. A jikin mutum kuma labarin bai yi daɗin na ɓera ba: maganin NXY-059 da aka ƙera don kama wannan guba ya faɗi a babban gwaji a 2007. Saboda haka duk mai tallan ƙwaya ko garin ganye da sunan yana ƙara wannan sinadari ya warkar da shanyewar jiki, kuɗinku yake so. Wanda aka haɗiya ma ciki ne ke narkar da shi kamar kowane abinci.

Abin da ke ceto shi ne buɗe jijiyar da wuri. Allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga farawar alamu, kuma sai an ɗauki hoton kai da ake kira CT.

Idan bakin mutum ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ku duba agogo ku riƙe lokacin, likita zai tambaya. Ku kwantar da shi ta gefe, ku nufi asibiti mai na'urar hoton kai, ba kemis ba. Addu'a a yi ta a hanya. Kada a ɗura masa ruwa, koko ko rubutu, domin maƙogwaro kan shanye shi ma, abin ya zarce huhu. Kada a ba shi asfirin: wata shanyewar fashewar jijiya ce, asfirin ƙara zubar jinin zai yi. Kada kuma a rubanya masa maganin hawan jini, don idan jini ya faɗi da sauri, yankin nan mai sauran rai shi zai fara rasa rabonsa.

Ko da alamun sun wuce cikin minti goma ya miƙe garau, a kai shi a ranar. Sau da yawa gargaɗi ne, babban na iya biyo baya, musamman cikin kwana biyun farko.