Fanshon waɗanda rikicin Arewacin Ailan ya naƙasa: wa zai samu, wa ba zai samu ba

Kusan shekara 30 aka kwashe ana zubar da jini a Arewacin Ailan tsakanin masu son ci gaba da zama da Birtaniya da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, har aka yi sulhu a 1998. Sama da mutum 3,500 suka mutu, dubbai suka jikkata, amma wallahi sai 31 ga Agustan 2021 aka fara karɓar takardun neman fanshon waɗanda aka naƙasa. Da yawa sun rasu suna jira.

Dokar ta 2020 ce, ga yadda take. Dole raunin ya faru tsakanin 1 ga Janairun 1966 da 12 ga Afrilun 2010, kuma ya zama na dindindin, ko a jiki ko a ƙwaƙwalwa, don haka wanda firgicin bam ya hana shi barci shekara da shekaru shi ma yana ciki. Ma'aikatan lafiya ne ke auna naƙasar, in ba ta kai kashi 14 cikin 100 ba babu ko kwabo. In ta kai, kuɗin da aka fara da su daga kusan fam 2,000 ne zuwa 10,000 a shekara, gwargwadon raunin, har ƙarshen rayuwa. Wanda ya kai shekara 60 ko yake ciwon ajali zai iya karɓar na shekara 10 a dunƙule, in kuma mai fansho ya rasu, matarsa ko mijinta ko mai jinyarsa na iya ci gaba da karɓa har shekara 10.

Inda aka yi ta kai ruwa rana shi ne wa ya cancanta. Wanda kotu ta kama da laifi a harin da ya raunata shi, a ce bam ɗin da ya dasa ne ya tashi da shi, wannan ba shi da rabo. Mai wani babban laifin daban kuma hukumar biyan ce ke duba lamarinsa. Jam'iyyar Sinn Féin, ta masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, ta ce ana ware tsofaffin fursunonin rikicin, aka tsaya cak, ga kuma gardama tsakanin gwamnatin Birtaniya a Landan da ta Arewacin Ailan a Belfast kan wa zai biya. Sai da Jennifer McNern, wadda ta rasa ƙafafunta biyu a bam ɗin gidan abinci na Abercorn a 1972, ta kai ƙara, kotu ta ce jinkirin ya saɓa doka a Agustan 2020. Shekara 48 bayan harin fa, haba jama'a.

Abin da ya fi tsaya min a rai, uwar da aka kashe mata ɗa ba ta samun komai a wannan tsarin, sai in tana wurin lokacin da abin ya faru ko jim kaɗan bayansa kuma ta nuna ya bar mata ciwo na dindindin. Wadda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa da dare aka faɗa mata rasuwar, duk irin halin da ta shiga, dokar ba ta lissafa da ita ba.