Dokar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa

Dokar sararin samaniya ita ce yarjejeniyoyi da ƙa'idojin da ƙasashe suka gindaya kan abin da ya halatta da wanda ya haramta a can sama, gaba da inda jiragen sama ke iya kaiwa. Doka ba ta shata wannan iyaka ba, amma galibi ana ambaton kilomita 100.

Asali

Tun wajen farkon shekarun 1930 wasu lauyoyin Turai suke rubutu kan batun, sai dai bai zama na gaggawa ba sai da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik 1, ranar 4 ga Oktoba, 1957. Tauraron ya riƙa ratsa samaniyar ƙasashe ba tare da neman izinin kowa ba, kuma babu ƙasar da ta kai ƙara. Daga wannan shiru ne masana suke ganin 'yancin zirga-zirga a falaki ya samo tushe. A 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin dindindin kan amfani da sararin samaniya cikin lumana.

Yarjejeniyoyi biyar

Uwar su duka ita ce ta 1967, wadda aka fara sa wa hannu ranar 27 ga Janairu a Landan da Mosko da Washinton, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Ta hana kowace ƙasa mallakar wata ko wata duniyar, ta haramta girke makaman nukiliya a falaki, ta kuma ɗora wa kowace gwamnati alhakin abin da kamfanoninta suka aikata a can. Ƙasashe fiye da 110 ne ke cikinta. Ba ƙaramin abu ba ne abokan gaba biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyet, su yarda da haka tun kafin ɗayansu ya taka wata.

Sai ta ceton 'yan sama jannati (1968), ta biyan diyya (1972) da ta rajistar abin da aka harba (1975). An ga amfanin ta diyya a 1978, lokacin da Kosmos 954, tauraron ɗan Adam na Sobiyet mai ɗauke da injin nukiliya, ya tarwatse a arewacin Kanada. Kanada ta nemi kimanin dalarta miliyan 6, aka daidaita a kan miliyan 3 a 1981. Ta biyar, Yarjejeniyar Wata ta 1979, ta kira arzikin wata gadon 'yan Adam baki ɗaya, amma manyan ƙasashen da ke harba kumbo ba su shige ta ba.

A 1976 wasu ƙasashen da layin tsakiyar duniya ya ratsa, ciki har da Kenya da Yuganda, sun taru a Bogota, babban birnin Kolombiya, suka ce falakin da ke saman ƙasashensu, mai nisan kilomita 36,000, nasu ne. Da'awar ba ta karɓu ba.

Abin da ke gaba

Tun 1979 ba a sake ƙulla babbar yarjejeniya ba, alhali kamfanoni irin su SpaceX suna da dubban taurari a sama. Ƙa'idojin rage tarkace na 2007 shawara ce kawai, ko da yake a 2009 tauraron Iridium 33 na Amurka ya yi karo da Kosmos 2251 na Rasha.

Amurka a 2015 da Luksambag a 2017 sun halatta wa kamfanoninsu mallakar ma'adinan da suka haƙo a sama; ana saɓani kan ko hakan ya dace da yarjejeniyar 1967. Najeriya da Ruwanda ne suka fara sa hannu daga Afirka a tsarin Artemis na Amurka kan haɗin gwiwar binciken wata, a Disambar 2022, yayin da Sin da Rasha ke shirin tasu tashar bincike a wata.