Tuba da gafara: tambayoyin 'yan kasuwar Legas

Faɗin "Astagfirullah" ya wadatar a matsayin tuba?

Bai wadatar ba shi kaɗai. Imam Nawawi ya kawo sharuɗɗa uku: ka bar zunubin nan take, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba. Mai jan carbi da hannun dama yana tauye mudu da na hagu bai tuba ba tukuna.

Idan laifin tsakanina da wani mutum ne fa?

Nan gizo ke saƙa, domin sharaɗi na huɗu ya shigo: mayar da haƙƙi ko neman yafiya. Mai tumatir a kasuwar Mile 12 da ke jera lafiyayyu a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, ko wanda aka ba saƙon kuɗi daga Agege zuwa gida ya cinye, hawayensa a sujada ba za su biya masu haƙƙi ba. A hadisin Muslim, Annabi (SAW) ya ce matsiyacin al'ummarsa shi ne mai zuwa ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan. Sai a kwashe ladansa a biya su, in ya ƙare a ɗora masa zunubansu.

Legas garin shige da fice ne. Wanda na cuta ban san inda yake ba.

Ka neme shi da gaske, ba neman fita kunya ba: lambar waya, abokan sana'arsa, 'yan garinsu. In ya rasu, magadansa za ka ba. In ka gaji ba ka same su ba, malamai sun ce ka yi sadaka da dukiyar da niyyar ladan ya je gare shi.

Akwai zunubin da ya fi ƙarfin tuba?

Babu. Suratu Zumar aya ta 53 ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah. Shirkar da Suratun Nisa'i aya ta 48 ta ce ba a gafartawa, ta wanda ya mutu a kanta ne bai tuba ba. Mutumin da ya kashe rai 100 ma, a hadisin Buhari da Muslim, an karɓi tubansa.

Na tuba, na sake komawa. Yaya zan yi?

Sake tuba, Malam, komai yawan faɗuwar. Ƙofar a buɗe take har rai ya kai gargara, ko rana ta fito daga yamma.