Motsa jiki da nauyin jiki da tasirinsa ga sukarin jini

Motsa jiki da nauyin jiki shi ne atisayen da mutum ke yi ba tare da ƙarfe ko na'ura ba, nauyin jikinsa kaɗai yake ɗagawa. Ya haɗa da tsugunawa sannan a miƙe, tashi daga kujera a koma, kifa ciki a ɗago jiki da hannuwa, da ɗaga diddige a tsaya kan yatsun ƙafa. Masu bincike sun mai da hankali kan amfaninsa ga manya masu lafiya waɗanda ke yini a zaune, kamar ma'aikatan ofis, direbobi da masu tsaron kanti.

Bayan cin abinci mai sitaci sukari kan hau a jini, sai jiki ya saki wani sinadari mai suna insulin domin tura sukarin cikin ƙwayoyin halitta. Tsoka ce ke kwashe kaso mafi girma, wajen kashi 80 cikin 100 na sukarin da insulin ke fitarwa daga jini. Abin da ya sa atisaye ke da daraja a nan shi ne tsoka tana da wata hanyar daban. Idan ta yi aiki, wani furotin mai suna GLUT4 kan fito bakin ƙwayar tsokar ya shigar da sukari ko insulin bai umarta ba. Bayan an gama ma tsokar kan ci gaba da amsa kiran insulin da sauƙi na kwana ɗaya zuwa biyu, tana mayar da ajiyar sukarin da ta ƙona. Tsokokin cinya da na ɗuwawu su ne manya a jiki, shi ya sa tsugunawa ta fi motsin hannu tasiri.

A mai lafiya, sukarin jini kafin karin kumallo bai kai miligiram 100 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini ba, kuma awa 2 bayan shan ruwan sukari na gwaji yakan kasance ƙasa da 140. Tunda jikinsa na riƙe da wannan ma'auni, sau da yawa ba a ganin babban sauyi a lambar sukarin kanta. Wani bincike da Jenna Gillen da abokan aikinta suka wallafa a 2021 daga Jami'ar Toronto a Kanada ya nuna haka: manya masu lafiya da ba sa yawan motsi sun riƙa katse zama duk bayan minti 30 da tashi daga kujera sau 15. Insulin ɗin da jikinsu ya buƙata bayan abinci ya ragu, sukarin kuwa bai sauya sosai ba. Wannan sakamako ne mai muhimmanci, domin yawan insulin a jini yakan bayyana shekaru kafin ciwon sukari nau'i na 2 ya fito fili. A masu ciwon kuwa, binciken Paddy Dempsey na 2016 a Melbon ta Ostireliya ya samu raguwar sukarin kansa da atisayen minti 3 duk rabin awa.

Lokacin yin atisayen na da tasiri. Yin sa jim kaɗan bayan abinci, sa'ad da sukari ke hawa, ya fi rage hawan. Atisaye mai tsanani ƙwarai yana iya ɗaga sukari na ɗan lokaci, saboda adiranalin, sinadarin da jiki ke saki idan ya takura, na sa hanta ta saki sukarin da ta ajiye, amma a mai lafiya yakan sauka da kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Mai ciwon gwiwa ko zuciya, da mai allurar insulin, ya kamata ya tuntuɓi likita kafin ya fara.